Justin Fashanu da ire-irensa: ƙafa ce ta gaza, ko ƙyama ce ta kayar da su?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare bayan an tashi daga wasa musu ya kaure tsakanina da wani abokina a gidan kallo, har mai gidan ya kashe inji ba mu kai ƙarshe ba. Shi ya sa na kawo maganar nan, inda akwai manya da suka riga mu fara kallon ƙwallo.

A kan Justin Fashanu ne, yayan John Fashanu wanda ya ci kofin FA da Wimbledon a 1988. Mahaifinsu lauya ne ɗan Najeriya, amma a hannun wasu Turawa suka tashi a Norfolk. Justin shi ne baƙar fata na farko da aka saya fam miliyan 1 a Ingila, a 1981, yana ɗan shekara 20. Shi ne kuma ƙwararren ɗan ƙwallo na farko da ya fito fili ya ce shi maza 'yan'uwansa yake nema, a 1990. Abokina ya ce abin da ya kashe masa wasa ke nan, aka ƙyamace shi, aka rufe masa ƙofa ko'ina. Ni kuma na ce masu ƙungiya kuɗi suke nema, duk wanda yake zura ƙwallo a raga za su saye shi, ba ruwansu da inda yake kwana. To wa ya fi gaskiya a cikinmu?

Shugaban Zaure:
Wa alaikumus salam. Na bar maganar ta tsaya saboda tambaya ce ta ƙwallo, kuma ƙwallo ne ya tara mu. Amma da sharaɗi: ban da zagi, ban da tsinuwa, ban da ɗora hoton kowa ko kiran sunan wani ɗan unguwa. Wanda ya saɓa zan goge nasa.

Malam Ɗan Damagaram:
Kafin a yi nisa bari in faɗi matsayina don kada a yi mini wata fahimta. A addinina wannan aiki haramun ne, ba ni da shakka a kai, kuma ba zan sauya ba don Turai ta sauya. Sai dai na lura tambayar Ɗan Gwammaja daban take. Bai ce halal ne ko haram ba, cewa ya yi me ya kayar da mutumin a sana'arsa. Wannan amsarta tana wajen waɗanda suka san abin da ya faru. Ina sauraro.

Mai Lissafi:
Ɗan Gwammaja kai ke da gaskiya, kuma alƙaluma suna bayanka. A Norwich ya ci ƙwallo 35 a wasa 90 na lig, wannan ba musu. Nottingham Forest ta saye shi a lokacin da take kan ganiyarta, ta ɗauki kofin Turai sau biyu a jere, 1979 da 1980, tana neman wanda zai gaji Trevor Francis. Me ya yi musu? Ƙwallo 3 a wasa 32. Wace ƙungiya ce za ta zuba fam miliyan 1 a wancan zamanin ta zauna tana kallon wannan? A Disambar 1982 suka sayar da shi ga Notts County kan fam 150,000. Bayan nan ya ji ciwo a gwiwa, ciwon ya ƙi barinsa, ya je Brighton bai daɗe ba, ya tafi Amurka neman magani, ya taɓa wasa a can da Kanada, ya dawo ya leƙa Manchester City da West Ham da Leyton Orient, ko'ina 'yan wasanni kaɗan.

To ku duba kwanan wata. A Oktoban 1990 ya yi waccan maganar da jaridar The Sun, yana da shekara 29. Wasan da gwiwa ta riga ta cinye shekaru kafin nan, ta yaya za a ce maganar 1990 ce ta kashe shi?

Kawu Na Ingila:
Ɗana Mai Lissafi, alƙalumanka daidai suke, ban ga kuskure ko ɗaya ba. Amma daga tsakiyar labari ka fara ƙirga. Ina karatu a Ingila a waɗannan shekarun, kuma mu 'yan Najeriya da ke can muna bin labarin yaron nan kamar ɗanmu, saboda sunan da yake ɗauke da shi.

Duniya ce ta ji a 1990. Kocinsa Brian Clough tun kakar 1981 zuwa 1982 ya ji. An kai masa labari cewa ana ganin yaron a wuraren shaƙatawa na masu neman jinsinsu a Nottingham. Wannan ba jita-jita ba ce, Clough da kansa ya ba da labarin a tarihin rayuwarsa: ya tambaye shi, in kana son burodi ina za ka? Ya ce wajen mai burodi. In kana son nama fa? Ya ce wajen mahauci. Sai ya ce to me ke kai ka gidan rawar waɗancan mutanen, ya kira su da sunan wulaƙanci. Har ta kai ya hana shi yin atisaye da sauran 'yan wasa, da ya zo filin kuma aka kira 'yan sanda suka fitar da shi.

Yanzu ka sake duba ƙwallo 3 ɗin nan a wasa 32. Yaro ɗan shekara 20, wanda ya tashi ba uwa ba uba a kusa, in ya shiga fili 'yan kallo suna yi masa kukan biri saboda fatarsa, abin da na ji da kunnena ana yi wa baƙaƙe a filayen Ingila na lokacin, in ya koma ɗakin sauya kaya kuma ubangidansa na muzanta shi. Ɗan wasan gaba da zuciya yake cin ƙwallo kafin ƙafa. Da aka ba da shi aro Southampton ya ci 3 a wasa 9. A Notts County ya ci 20 a wasa 64. Ka san nisan filin Forest da na Notts County? Kogin Trent ne kawai a tsakaninsu, daga wannan kana hango wancan. Gari ɗaya, ƙafa ɗaya, koci ne ya bambanta.

Mai Lissafi:
Allah ya ƙara girma Kawu, na karɓi maganar Clough, ban san ta kai ga 'yan sanda ba. Amma 20 a 64 lissafin ɗan wasa ne mai kyau, ba na ɗan fam miliyan 1 ba. Ni a ganina tun farko Forest ta yi tsada a cinikin, ƙwallo ɗaya da ya ci Liverpool ya ruɗe su. Kuma ba shi kaɗai ne ya taɓa faɗuwa bayan babban ciniki ba. Garry Birtles ya bar Forest ɗin nan ya koma Manchester United a 1980 kan fiye da fam miliyan 1, ya kwashe kakarsa ta farko bai ci ko ɗaya a lig ba. Shi wa ya ƙyamata?

Kawu Na Ingila:
Madalla da ka kawo Birtles, don shi ne shaidata. Da ya kasa a United ina ya nufa? Clough ne ya buɗe masa hannu ya dawo da shi Forest a 1982, shekarar da aka kori Justin, ya ci gaba da wasa a can shekaru. Mutum biyu sun yi tuntuɓe a lokaci ɗaya. Ɗaya aka ɗaga shi aka karkaɗe masa riga, ɗaya aka tsallake shi. Ni ban ce Justin zai zama Pele ba. Cewa na yi ba a taɓa bari mun ga iyakarsa ba.

Koci Mai Usur:
Salamu alaikum. Na shekara 14 ina horar da samari a unguwa, bari in faɗa muku yadda zaɓe yake daga wajen wanda yake riƙe da takardar sunaye. In ina da yara 25, kamar uku ne ba zan iya ajiyewa a benci ba ko da ba na ga maciji da su, don in na ajiye su 'yan kallo za su cinye ni. Wasu ukun kuma ko ɗana ne ba zan iya sa shi ba. Sauran kusan ashirin ɗin nan duk tafiyarsu ɗaya. Wannan ya fi gudu kaɗan, wancan ya fi kai kaɗan. A cikinsu duk wanda na ajiye ina da hujjar ƙwallo da zan ba shi, kuma hujjar gaskiya ce, ba ƙarya ba. Ba ka komawa baya da sauri. Ƙafarka ta hagu ba ta da ƙarfi. Amma wanda na sa a madadinsa shi ma yana da nasa aibin, ban dai ambata ba.

Shi ya sa tambayar nan take da wuyar yankewa. Babu kocin da zai ce na cire ka don ba na son ka. Kullum akwai dalilin fili da zai ɓuya a bayansa.

Baƙon Texas:
Koci kamar ka san labarin da zan kawo. A nan Amurka an yi irin wannan musun shekara da shekaru a kan wani yaro, Michael Sam, amma a zari-rugar Amurka, wadda su suke kira ƙwallon ƙafa. Ga waɗanda ba sa kallo: ba a sayen matasa kamar a Turai, sai dai duk shekara ƙungiyoyi 32 na NFL, wato babbar gasar ƙwararru ta wasan, su zauna su yi ta zaɓar 'yan wasa daga jami'o'i, zagaye bakwai. Wanda aka zaɓa da wuri shi ne mai daraja da kuɗi.

Sam ɗan jami'ar Missouri ne, mai tsaron baya, aikinsa ya kutsa ya kayar da mai jefa ƙwallo kafin ya jefa. A 2013 ya yi haka sau 11 da rabi (in mutum biyu suka haɗu suka kayar, rabi-rabi ake rubuta musu), aka ba shi gwarzon mai tsaron baya na gasar SEC, wadda ake ganin ta fi kowace gasar jami'o'i zafi. Su biyu suka raba kyautar, shi da C.J. Mosley na Alabama. A Fabrairun 2014 ya fito ya faɗi halinsa. Da aka zo zaɓe a watan Mayu, Mosley shi ne na 17. Sam shi ne na 249, cikin mutum 256, saura bakwai a tashi. St. Louis Rams ta ɗauke shi, ya kayar da mai jefa ƙwallo sau 3 a wasannin share fage, aka sallame shi kafin a fara kaka. Dallas Cowboys ta sa shi cikin 'yan atisaye na 'yan makonni, ita ma ta sallame shi. Bai taɓa buga wasan lig ko ɗaya a NFL ba. A 2015 ya je Montreal a Kanada, wasa ɗaya ya yi ya bari, ya ce damuwa ta yi masa yawa.

Mai Lissafi:
Wannan na bi shi sosai, kuma nan ma akwai abin da ba ka faɗa ba Yallaɓai. Cikin 11 da rabin nan, tara a wasa uku kacal ya yi su. Da aka gwada gudunsu kafin zaɓe, yadi 40 ya yi shi a daƙiƙa 4.91, wanda ga mai girman jikinsa a wannan gurbin jinkiri ne. Jikinsa ya yi ƙanƙanta ga layin gaba na tsaro, gudunsa kuma bai kai na layin da ke bayansa ba. Sannan Rams tana da Robert Quinn da Chris Long a gurbinsa, ina zai shiga? Kocinsu Jeff Fisher ya ce hukuncin wasa ne.

In kuma ƙyama ce take yanke hukunci a NFL, to a yi mini bayanin Carl Nassib. Ya faɗi nasa a Yunin 2021 yana Las Vegas Raiders, ba a kore shi ba. Wasan farko na kakar shi ya sa ƙwallo ta kuɓuce daga hannun Lamar Jackson na Baltimore a ƙarin lokaci, suka ci wasan. Da Raiders ta sake shi a 2022, Tampa Bay ta ɗauke shi. Ga mutum biyu masu hali ɗaya, mai iyawa ya zauna, wanda bai kai ba ya tafi.

Baƙon Texas:
Duk abin da ka faɗa a kan gudun Sam gaskiya ne, ni ma ban taɓa cewa ɗan zagayen farko ba ne. Amma Nassib ba hujjarka ba ce, hujjar Koci ce. Lokacin da ya yi magana ya riga ya shekara biyar a NFL, yana da kwantiragin dala miliyan 25 a hannu, kowa ya ga aikinsa. Ya riga ya shiga gida ya zauna kafin ya faɗa. Sam a bakin ƙofa ya faɗa, yana cikin ashirin ɗin nan na tsakiya da Koci ya ambata.

Kuma ba zato nake yi ba. A makon da Sam ya yi magana, jami'an ƙungiyoyi da dama sun shaida wa mujallar Sports Illustrated, ba tare da an faɗi sunansu ba, cewa darajarsa za ta faɗi a zaɓe saboda wannan. Tony Dungy, tsohon koci da ya ci Super Bowl, wato kofin NFL, mutum mai mutunci a idon jama'a, ya ce shi da ba zai zaɓe shi ba, ba don bai cancanci dama ba, sai don ba ya son ɗawainiyar da za ta biyo baya. Ka ji fa. Bai ce ba ya gudu ba. Ɗawainiya ya ce. A NFL akwai 'yan wasa da yawa masu irin gudun Sam da suke yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan shekara uku, huɗu, ana gwada su. Shi bayan Dallas wayarsa ba ta sake ƙara ba.

Sarkin Yaƙin Arsenal:
Ni fa ina ganin kocin da ya ce ba ya son ɗawainiya yana da hujja. Ƙungiya ba mutum ɗaya ba ce. In sauran 'yan wasa ba su sake da mutum a ɗakin sauya kaya ba, ko 'yan jarida suka cika fili kullum saboda shi, ai wasan kowa ne zai lalace. Koci amanar ƙungiya aka ba shi. Sannan ku daina magana kamar har yanzu 1981 ake. Yau a Turai abin ya juye. Idrissa Gana Gueye bai buga wa PSG wasan Montpellier ba a Mayun 2022 ranar da aka sa lambobi masu launin bakan gizo don nuna goyon baya ga masu neman jinsinsu, kun ga yadda aka taso shi a gaba a Faransa, har sai da shugaban Senegal na lokacin, Macky Sall, ya fito ya mara masa baya.

Baƙon Texas:
Maganar ɗakin sauya kaya an gwada ta ɗan'uwa. Sam ya gaya wa abokan wasansa na Missouri tun Agustan 2013, kafin a fara kaka. Suka riƙe masa sirri, suka ci wasa 12 suka faɗi 2, suka ɗauki Cotton Bowl, ɗaya daga manyan wasannin ƙarshen kaka na jami'o'i. Samari 'yan shekara 20 sun iya zama da shi. Manyan da ke ofis ne suka ce ba za a iya ba.

Maman Sadiq:
Sannunku da muhawara. Tun ɗazu nake karantawa, na ga duk maza kuke lissafawa. Ku leƙo ƙwallon mata ku ga inda wannan tambayar ba ta da wurin zama. Megan Rapinoe ta Amurka kowa ya san halinta shekaru kafin 2019, a shekarar ta ci kofin duniya, ta ɗauki takalmin zinare da kyautar gwarzuwar gasa, ta haɗa da Ballon d'Or. Pernille Harder ta Denmark, Chelsea ta saye ta a 2020 kan kuɗin da ba a taɓa sayen mace da shi ba a lokacin, alhali abokiyar zamanta Magdalena Eriksson ce kyaftin ɗin ƙungiyar. A can in an ajiye mace a benci ba wanda yake tambaya ko saboda wannan ne, don an san ba shi ba ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Mai Lissafi yana ƙirga waɗanda suka yi magana. Waɗanda suka yi shiru fa? Daga Fashanu a 1990 sai da aka shekara fiye da 30 kafin wani ƙwararren ɗan wasa namiji mai buga wasa a Ingila ya sake fitowa, wato Jake Daniels na Blackpool a Mayun 2022, yana ɗan shekara 17. Thomas Hitzlsperger ya buga wa Jamus wasa 52, ya ci Bundesliga da Stuttgart a 2007, amma sai da ya rataye takalmi sannan ya faɗa, a Janairun 2014. Philipp Lahm, kyaftin ɗin da ya ɗaga wa Jamus kofin duniya, ya ce shi ba zai ba ɗan wasa shawarar ya faɗa yana tsakiyar wasa ba. Waɗannan su ne cikin gidan, sun fi mu sanin inda yake yoyo. In da iyawa kaɗai ce take magana, me suke tsoro?

Mai Lissafi:
Hajiya wannan tambayar taki ta fi duk waɗanda aka yi mini nauyi. Abin da zan iya cewa, tsoro ba shi ne hujjar cewa abin zai faru ba. Mutum kan ji tsoron zagin 'yan kallo da na intanet ko da kujerarsa a ƙungiya ba ta motsa ba. Amma na yarda lissafina bai kama masu shiru ba.

Malam Ɗan Damagaram:
Na ce zan saurara, na kuma saurara. Akwai abin da nake so mu Musulmin zauren nan mu duba da idon basira. Wannan kalma ta "ɗawainiya" da Baƙon Texas ya kawo, da "hukuncin wasa ne", ba yau muka fara jin su ba. Mesut Özil ya yi magana a kan Musulmin Uighur na China a Disambar 2019, Arsenal ta nesanta kanta da shi, gidan talabijin na gwamnatin China ya fasa nuna wasansu da Manchester City. A Oktoban 2020 aka cire sunansa daga jerin 'yan wasa gaba ɗaya, koci Arteta ya ce dalilin ƙwallo ne. Wataƙila da gaske ne, don akwai batun albashi da batun gudu a ciki. Amma wa a cikinmu ya yarda a lokacin? Sarkin Yaƙi, kai ɗan Arsenal ne, na tuna abin da ka rubuta a nan. A Afrilun 2023 kocin Nantes, Antoine Kombouaré, ya ajiye Jaouen Hadjam ɗan Aljeriya saboda ya ƙi ajiye azumi ranar wasa. Shi ma amanar ƙungiya ya ce yake karewa.

Ina tare da Gueye ɗari bisa ɗari, ba daidai ba ne a tilasta wa mutum ya sa abin da imaninsa bai yarda da shi ba. Amma in na ce a auna Gueye da Özil da Hadjam da ƙafarsu kawai, ba zan iya juyawa in ce shi wancan a auna shi da wani mudu daban ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A Suratul Ma'ida an hore mu kada ƙin wasu mutane ya sa mu ƙi yin adalci. Ƙin aikin mutum abu ne, tauye masa haƙƙin guminsa wani abu ne daban. Na farkon yana nan a wurina yadda yake. Na biyun ba ni da hujjarsa.

Sarkin Yaƙin Arsenal:
Allah gafarta Malam, maganar Özil ta kama ni, ba zan musa ba. Har yau ina jin zafinta. Sai dai ni ban bar batun cewa koci yana da 'yancin zaɓar wanda zai zauna lafiya da shi ba.

Ɗan Gwammaja:
Ni da na kawo maganar, har yanzu ina riƙe da wani ɓangare nata. Robbie Rogers ɗan Amurka ya bar Leeds a farkon 2013, ya faɗi halinsa ya ce ya bar ƙwallo. Bayan wata uku LA Galaxy ta neme shi, har ta ba da Mike Magee ga Chicago don ta same shi, kuma Magee ɗin nan shi ya zama gwarzon lig a shekarar. Aka mai da Rogers baya ta hagu, suka ci kofin MLS, wato lig ɗin Amurka, da shi a 2014. Jakub Jankto na Czech ya faɗa a Fabrairun 2023, da bazara Cagliari ta saye shi ya koma Serie A a ƙarƙashin Ranieri. Ke nan ƙofar ba a rufe take ruf ba. Abin da na sauka a kai shi ne cewar da na yi ba ruwan masu ƙungiya. Dukansu biyun sun riga sun buga wa ƙasarsu wasa kafin su yi magana. Ban samo misalin yaro marar suna da ya faɗa tun a bakin ƙofa ya kuma hau sama ba.

Kawu Na Ingila:
Bari in ƙarasa muku labarin Justin, don kada a bar shi a 1990. Bayan maganar tasa babu babbar ƙungiyar da ta ba shi kwantiragi mai tsawo. Torquay ya samu, can ƙasa, daga baya Airdrie da Hearts a Scotland. Gwiwa tana ciki, ban musa ba. Ƙaninsa John ya nesanta kansa da shi a bainar jama'a, daga baya ma da bakinsa ya ce fam 75,000 ya ba shi don ya yi shiru, ya kuma ce yana nadama. A 1998 wani matashi ɗan shekara 17 a jihar Maryland ta Amurka ya zarge shi da cin zarafi. Ya dawo Landan, a watan Mayu aka tsinci gawarsa, ya kashe kansa yana da shekara 37. A takardar da ya bari ya musanta zargin, ya ce ba ya ganin za a yi masa shari'ar adalci. Kotu ba ta taɓa sauraron maganar ba, don haka ba zan wanke shi ba, ba zan kuma ɗora masa ba.

Ni abin da nake tunawa da shi ƙwallon nan ne na Fabrairun 1980 a Carrow Road. An miƙo masa ita ya ba raga baya, Alan Kennedy na manne da shi. Ya ɗaga ta da ƙafar dama, ya juya, kafin ta taɓa ƙasa ya ɗirka mata ta hagu daga wajen da'ira, Ray Clemence ya yi tsalle a banza. Liverpool ce ta ci wasan 5 da 3, amma BBC nasa ta zaɓa ƙwallon da ya fi kyau a kakar. Bai cika shekara 19 ba a ranar.

Koci Mai Usur:
Kawu ka sa na kasa barci. Akwai abin da ban faɗa ba ɗazu, kuma tunda ba sunan kowa a ciki bari in sauke shi. Shekarun baya ina da wani saurayi ɗan shekara 19, yana buga gefen dama. Aka fara ƙananan maganganu a kansa a unguwa, saboda yanayin tafiyarsa da maganarsa kawai. Ba wanda ya taɓa ganin komai, ni ma ban gani ba, ban kuma tambaye shi ba. Iyayen yara biyu suka same ni suka ce ko shi ko 'ya'yansu. Ana saura mako biyu wasu masu neman 'yan wasa su zo kallonmu. Na kira shi gefe na ce masa ba ya dawowa tsaro da sauri, ya je ya ƙara atisaye. Ya ce to Koci, na gode. Ya zo atisaye sau uku bayan nan, ban sa shi ba, bai sake zuwa ba.

Mai Lissafi:
Koci, tsakaninka da Allah, da gaske ba ya dawowa tsaro da sauri?

Koci Mai Usur:
Da gaske ne, ba ya dawowa. Wanda na sa a gurbinsa ma ba ya dawowa.